Falle Ashirin da Ɗaya na Alƙur'anin Mahaifina

Da sunan Allah nake farawa, Shi ne shaida a kan abin da zan faɗa.

A shekarar da aka canja takardun naira, wadda mutane suka riƙa wuni a bakin banki a Karaye suna komawa gida ba ko sisi, a tsakiyar daminarta na tafi ƙasar Turkiyya. Ni mutumin Kwanyawa ne. Sana'ata rubutu, ita na gada: ina rubuta Alƙur'ani da hannu, ina rubuta wa mutane wasiƙa da waƙa da ajami. Wanda ya kai ni shi ne Sabi'u, ƙanin matata, mutumin Jajaye. Karatu ya kai shi can tun da daɗewa, ya zauna, ya zama mai yi wa baƙi jagora a wani tsohon gari da ke bakin tafki. Ba zan ambaci sunan garin ba, domin yawancin mutanensa ba su yi mini komai ba sai alheri.

Abin da Sabi'u ya ce mini shi ne wani attajiri yana neman malami daga Afirka da zai koyar da irin rubutunmu na wata shida. Na ɗauki alƙalumana da tawadata, na ɗauki Alƙur'anin mahaifina. Marigayi Alaramma da ka ya rubuta shi, shekara uku yana yi. Kamar yadda namu suke, ba a ɗinke yake ba. Falle-falle ne a jere tsakanin kwali biyu, a cikin gafaka ta jar fata. A ƙasan kowane falle akwai kalma ɗaya da ya rubuta a gefe, wato kalmar da falle na gaba zai fara da ita, don kada a rikita jeri. Na haddace Alƙur'ani, ba don mantuwa nake duba shi ba. Tun ranar da ya rasu nake karanta izu ɗaya a cikinsa kowace safiya, in sauke a kwana sittin, in sake farawa.

Garin yana da kyau, ba zan hana shi haƙƙinsa ba. Tafkin ya ninka dam ɗin Challawa ban san sau nawa ba, ruwansa shuɗi, duwatsu sun kewaye shi. Akwai tsohuwar ganuwa ta dutse mai ƙofofi, da wani masallaci da aka ce dā coci ne, da masu gasa tangaran suna yi masa zanen furanni. A motar da ta ɗauko mu Sabi'u ya yi ta zuba mini irin maganar da yake yi wa baƙi.

“Yaya Malam, garin nan ba ya hutu. Da zafi a shiga kwalekwale a yi iyo. Da kaka a zo tsinkar zaitun. Da sanyi a hau dutse a shiga ruwan zafi da ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa. Da bazara kuma furanni.”

Na ce, “To ina makarantar?”

Ya yi dariya ya ce, “Gobe za ka gani.”

Washegari na gani. Shago ne na sayar wa baƙi tsaraba, darduma da faranti da carbi. An ajiye mini ɗan teburi a bakin ƙofa, inda duk mai wucewa zai gan ni. Mai shagon, wani ƙosasshen mutum mai yawan murmushi, ya miƙo mini wani farin yadi ya yi magana. Sabi'u ya fassara: wai in naɗa rawani. Ni da ban taɓa naɗa rawani ba a rayuwata, ba ni da sarauta, ba ni da limanci. Aikin kuwa shi ne baƙo ya faɗi sunansa, in rubuta masa a takarda, ya tsaya kusa da ni a ɗauke mu hoto.

Na ja Sabi'u gefe na ce, “Wannan ne koyarwar?”

“Yaya Malam, a hankali ake shiga. Ka bari su san ka tukuna.”

Na haƙura, don na riga na zo, kuma ban san hanyar ko tashar mota ba. Rawanin dai na ƙi. Haka na zauna ina rubuta sunayen da bakina bai iya faɗa ba, mata suna dafa kafaɗata ina zamewa, yara suna taɓa fatar hannuna suna duba yatsunsu. Abincin rana burodi da zaitun mai ɗaci. Da yamma in je bakin tafki in zauna, in tuna yanzu a gida gero ya fara fitar da kai.

Ɗakin da suka ba ni a ƙarƙashin bene yake, bangonsa yana tsattsafo da ruwa. A rana ta uku na zo shago da gafaka a rataye, don ina tsoron danshi. Mai shagon ya tambaya, na buɗe masa. Mutumin nan ya wanke hannu, ya ɗauki falle na farko ya sumbace shi, ya ɗora a goshi sau uku, har idonsa ya kawo ruwa. Ya ce in bar shi a akwatin gilashi da ke cikin shagon, akwai makulli, ba danshi, in zo da safe in yi karatuna.

A nan na yi kuskuren. A garinmu mutum yakan bar Alƙur'ani a zaure ƙofa a buɗe ya tafi gona. Ɓarawo zai ɗauki akuya ya tsallake gafaka. Ban taɓa jin an ce wani ya ci amanar Alƙur'ani ba, balle wanda ya ɗora shi a goshi a gabana. Na miƙa masa da hannuna biyu, har ina godiya.

Wata biyu aka yi haka. Kullum da safe Sabi'u ne ke buɗe shago, shi ke buɗe mini akwatin. Bayan kwana biyu ko uku sai ya tambaye ni, “Yaya Malam, yau ina aka kai?” In ce masa Nisa'i, ko Tauba, ko Kahfi. Har daɗi nake ji. Na ce a raina Allah ne ke jawo shi ga karatu, domin na lura sallarsa ta yi rauni.

Na sauke, na sake farawa. A safiya ta biyu, ina cikin Baƙara, na kai ƙasan falle, na ga kalmar da Alaramma ya rubuta a gefe, na juya, sai falle na gaba ya fara da wata kalma dabam. Bakina ya ci gaba da ayar, idona ya tsaya. Na ɗauka ni na rikita jeri. Na shimfiɗa mayafina a ƙasa, na bi Alƙur'anin nan tun daga Fatiha har Nasi, falle bayan falle, ina haɗa kalmar ƙasa da ta sama. Ban tashi ba sai azahar. Falle ashirin da ɗaya babu. Kuma ba kowanne aka ɗauka ba, sai masu zayyana, inda mahaifina ya zauna da jar tawada da rawaya ya yi ado a kan izu ko wurin sujada.

Sai na dubi igiyar gafakar. Kullum da safe a ɗaure nake samunta irin ɗaurinmu, zagaye biyu a soke bakin ta ƙasa. Baturke bai iya wannan ɗaurin ba.

Mai shagon ya shigo, Sabi'u na biye da shi. Na ce wa Sabi'u, “Tambaye shi ina sauran.”

Mutumin bai ko musa ba. Ya buɗe hannuwa yana magana da murmushinsa, Sabi'u yana fassarawa kansa a ƙasa. Wai littafin yana da falle ɗaruruwa. Wai ai na haddace, in rubuta wasu mana. Wai waɗanda suka saya sun sa su a gilashi sun rataye, sun fi samun daraja a can fiye da cikin tsohuwar jaka.

Na ce, “Gaya masa Allah ya isa.”

Sabi'u ya faɗi wata gajeriyar magana, mutumin ya gyaɗa kai yana murmushi. Na san ba abin da na ce ya faɗa ba. Wannan ya fi komai ƙona mini rai, a ce fushina ma sai ya bi ta bakin wanda ya cuce ni.

Na juya kansa. “Kai Sabi'u. Da kake tambayata ina na kai, don ka san inda na wuce ne, ka zare daga baya?”

“Yaya Malam, wallahi matsa mini ya yi. Ya ce guda biyu kawai. Aikina a hannunsa yake, takarduna a hannunsa suke.”

“Ka ci tuwo a gidan mutumin da ya rubuta wannan. Da hannun nan ya shafa kanka ranar ɗaurin auren yayarka.”

“Ka yi haƙuri, a nan ba a ɗauki abin kamar yadda muka ɗauka ba.”

“A nan aka haife ka?”

Na ture shi na shiga ɗakin ajiya na bayan shago. Guda biyar na samu a jingine da bango, an riga an sa su a gilashi kamar hoton biki. Na fasa katakon da hannuna na zare su. Ɗaya a ciki an datse gefensa da almakashi don ya shiga gilashin, an yanke kalmar ƙasa, an yanke rabin wata 'yar magana da Alaramma ya rubuta da ajami a gefe. Na tattara, na rataya gafakata, na fita. Ban sake taka shagon nan ba.

Ban san inda zan nufa ba, sai na shiga wani ƙaramin masallaci a bayan ganuwa. Bayan la'asar kowa ya watse, na zauna. Ladanin, wani tsoho mai farin gemu da ya yi karatu a Sham, ya zo ya yi mini sallama da Larabci. Larabcina na littafi ne, nasa ma haka, amma mun fahimci juna. Na buɗe masa gafaka na ba shi labari. Ya daɗe yana duban rubutun, bai taɓa ganin irinsa ba. Sai ya ce mu je wurin 'yan sanda. Ya karɓi fasfona ya duba, sannan ya ce takardar baƙo mai ziyara ce, ba ta aiki ba. In na kai ƙara, ni za a fara tambaya me nake yi a teburin shago. Nan ma Sabi'u ya san abin da ya yi.

Tsohon ya ce, “Hoja,” haka suke kiran malami, “garin nan ƙarami ne. Abin da aka rataye a bango ba ya ɓuya. Za mu bi su da ƙafa.”

Ya ba ni ɗakin da ake ajiye dardumai a jikin masallaci. Lokacin tsinkar zaitun ya kama, ya haɗa ni da wani ɗan'uwansa mai gona. Da safe in hau tsani ina sharɓe reshe, yatsuna suna daskarewa, baƙi suna zuwa cikin motoci suna tsinkar guda goma-goma ana ɗaukarsu hoto. Da la'asar ni da Ladan mu shiga gari.

Na farko a gidan cin kifi muka same su, a bakin tafki, guda biyu. An rataye su a saman kantar da ake zuba giya. Ayoyin Ali Imrana, da hannun mahaifina, kwalabe a jere a ƙarƙashinsu. Ban san sanda na hau kujera na ciro su ba. Mai wurin ya taso yana ihu, ma'aikatansa suka riƙe mini riga. Ladan ya tsaya tsakaninmu, bai ɗaga murya ba, ya yi ta magana yana nuna ni yana nuna bangon. Na ji yana maimaita kalmar “baba”, don su ma haka suke cewa uba. A ƙarshe mutumin ya yarfe hannu ya juya mana baya. Ko kallonsa ban yi ba na fita.

Na gaba wata tsohuwa ce mai ɗan gidan saukar baƙi. Ita a ɗakinta ta rataye shi, saman gadonta, ta ɗauka tsohon abu ne daga Makka. Da Ladan ya gaya mata, ta dafe ƙirji. Ta ciro shi da kanta, ta naɗe a farin tawul mai ƙanshi, ta miƙo mini tana kuka. Ta hana mu tafiya sai da muka sha miyar wake mai zafi. Da za mu fita ta dubi ƙafata cikin silifa, ta koma ciki ta ɗauko takalman marigayi mijinta da safa biyu. Da su na ƙarasa sanyin garin nan. Allah Ya saka mata da alheri, Ya sa ta cika da imani.

Wani likita kuwa ko ƙofa bai bari mun wuce ba. Ta taga na hango fallen a falonsa, farkon Yasin. Ya ce ya saya da kuɗinsa, yana da rasit, in muna da magana mu kawo lauya. Sau uku muna komawa. A na ukun ya saki kare a tsakar gida.

Sanyi ya shigo sosai. Kwalekwalen duk aka jawo su tudu aka kife, baƙi suka koma hawa dutse wurin ruwan zafi. Aka gaya wa Ladan akwai uku a babban otal ɗin can. Muka hau motar haya, ta kasa ƙarasawa saboda ƙanƙara, muka taka sauran da ƙafa, tsoho yana haki yana riƙe da hannuna. Ranar na fara ganin ƙanƙara tana zuba daga sama, kuma ban ji komai game da ita ba sai haushi. A hanyar da mutane ke bi zuwa wanka muka same su, maza da mata suna wucewa da tawul a ƙugu, tururi ya jiƙe gilashin. Manajan ya ajiye mu a tsaye har kusan magariba. Da ya gaji da ganinmu a gaban baƙinsa ya sa aka ciro. Danshi ya riga ya shiga ɗaya, jar tawadar ta naso.

Sha ɗaya ke nan. Daga nan labari ya yanke. Duk wanda muka tambaya sai ya ce baƙi sun saya sun tafi.

Duk tsawon wannan lokaci Sabi'u yana zuwa masallacin. Ya tsaya a sahun baya, bayan sallama ya matso ya ce, “Yaya Malam, ina wuni.” Ba na amsawa. Na san hukuncin ƙaurace wa Musulmi fiye da kwana uku, na karantar da shi ma, amma bakina ya ƙi buɗewa. Sai ya ɓace kusan mako biyu.

Wata Jumma'a bayan an sauko ya shigo ɗakin dardumai, ya rame, ya durƙusa ya ajiye wani kwali a gabana. Guda uku ne a ciki. Biyu ya bi su har Istanbul wurin wani dillalin tsofaffin littattafai. Na ukun Yasin ɗin likita ne. Ban tambaye shi yadda ya yi ba, amma na lura motarsa da na saba ganinsa da ita babu ita kuma, a ƙafa ya zo.

Ya ce, “Na bar shagon. Saura bakwai, Yaya Malam, sun haye teku. Na bi sunayen, na buga waya, wasu ba su ɗauka ba, wasu ba su san ma inda suka ajiye ba. Wallahi ba yadda zan yi.”

Wannan ne karo na farko da na yi masa magana tun ranar da na bar shagon. Na ce, “Akwai.”

Ya ɗago kai.

“Ka yi allo kana yaro ko ba ka yi ba?”

“Na yi, amma ban kai ko'ina ba. Shekara ashirin ban riƙe alƙalamin kara ba.”

“Tashi ka yi alwala.”

Ya gane nufina, ya fara roƙo. “Yaya Malam, ka rufa mini asiri. Hannunka kamar na Alaramma ne. In kai ka rubuta, ba wanda zai taɓa ganewa.”

Na ce, “Shi ya sa ba zan rubuta ba. Ba zan yi wa mahaifina ƙarya a cikin littafinsa ba. Wanda ya cire shi zai mayar.”

Na yanka takarda daidai girman ta Alaramma, na ja masa layi, na feƙe masa alƙalami. Ina rubuta masa aya a wata takarda dabam, yana kwafa. Kwana ashirin da shida muka yi a ɗakin nan, daga hantsi zuwa la'asar, Ladan yana kawo mana shayi yana leƙawa yana girgiza kai. Hannun Sabi'u kamar kaza ta taka tawada. In ya ɓata harafi ɗaya a layin ƙarshe, in karɓe in ba shi sabuwar takarda, waccan a ƙone ta a zuba tokar a tafki. Falle na farko sau tara ya yi shi. Ran nan ya jefar da alƙalami ya ce, “Wai ni kashe ni za ka yi?” Na ce, “Shi wanda ka zare nasa shekara uku ya yi, da fitilar ƙwai, ido ɗaya ba ya gani sosai. Ɗauki.” Ya ɗauka. Zayyana kuwa na ce kada ya gwada, a bar wurin fari.

Ranar da ya gama na bakwai, saura kwana huɗu takardata ta ƙare. Na sa shi ya rubuta kalmar ƙasa da kansa. Muka shimfiɗa mayafi, na bi Alƙur'anin tun daga Fatiha har Nasi, yana zaune yana kallo. Kowace kalma ta sami 'yar'uwarta. Na haɗa kwalin, na sa a gafaka, na miƙa masa igiyar na ce ya ɗaure, tunda ya iya.

Ya ɗaure. Ya ce, “Yaya Malam, ka yafe mini?”

Na ce, “Nawa na yafe, tsakanina da kai babu sauran komai. Na Alaramma kuma ka riƙa yi masa addu'a.”

Ya share ido da bakin riga. Can ya ce, murya ƙasa-ƙasa, yana nufin yayarsa, wato matata, “In ka koma, za ka gaya wa Yaya?”

Na karɓi gafakar na rataya.

Na ce, “Ba sai na faɗa ba. Tare kuka yi allo, ta san hannunka.”